Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Tsara Birane: Ku Nuna Mana Hanyar Ruwa Kafin Mu Sayi Fili

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Duk sanda ambaliya ta ci gari, hukumar agajin gaggawa ake nema, ita kuma ake zagi idan tanti da bargo ba su iso da wuri ba. Ku ba kasafai ake tunawa da ku ba. Ni ku na zaɓa in rubuta wa, domin kafin ruwa ya shiga ɗakin mutum sai da takardar gidan nan ta bi ta kan teburinku. Ku kuka yanka filin, ku kuka buga hatimi, ku kuka karɓi kuɗin izinin gini. Mai agaji ɓarna ya zo ya tarar, ku kuwa kuna nan tun wurin yana fili fetal.

Buƙatata guda ce. Abin da kuka sani game da hanyar ruwa ku sanar da mai saye kafin ya biya kuɗinsa, a rubuce, cikin harshen da yake ji.

Ku dubi yadda ake cinikin fili ko gida. Galibi ana yin sa ne ƙasa a bushe ƙayau, dillali yana nuna titi da turakun wuta da inda za a yi kasuwa nan gaba. Mai saye zai tambayi asalin mai wurin, ya tambayi rigimar gado, ya juya takardu gaba da baya ko na jabu ne. Maganar ruwa sai a ƙarshe, in ma ta zo, amsarta kuma kowa ya haddace: "Nan? Ai ruwa bai taɓa zuwa nan ba." Sai mai lura sosai ne zai zagaya bayan gidan maƙwabta ya ga zanen laka da ya tsaya a bango daidai gwiwa, ko ya ankara cewa duk gidajen layin an ɗaga musu dokin ƙofa da bulo biyu ko uku, ko ya sa a kwance masa murfin soket ɗin da ke ƙasa-ƙasa ya ga busasshen taɓo a ciki alhali bangon yana ƙamshin sabon fenti. Mai sayarwa yakan shafe bango, amma ba ya tunawa da cikin soket. To wannan dabarar tana aiki ne a inda aka riga aka yi gini. Fili ba shi da bangon da za a duba. Abin da zai ba da labarinsa yana cikin durowarku: awon tudu da kwari da safiyonku ya yi, tsohon hoton sama da ke nuna ƙoramar da aka cike da ƙasa, da rahoton injiniya a kan inda ruwa zai nufa ranar da aka buɗe madatsa.

Mutane da yawa sun ɗauka in ba a bakin kogi kake ba, ka tsira. Ba haka ba ne. Akwai ruwan da kogi ke amayarwa idan ya cika, wannan kowa ya san shi. Akwai wanda sama ke zubarwa a kan kwalta da siminti da rufin kwano, ya rasa ƙasar da zai nutse, ya tarar da magudana ta yi masa kaɗan ko ta toshe, sai ya nemi wuri mafi kwari a unguwa ya kwanta. Akwai wanda ke tsattsafowa daga ƙasa, akwai wanda teku ke turowa idan guguwa ta taso. Mafi mugunta shi ne wanda ke zuwa daga nesa, sama tana garau a kanka. Ranar 29 ga Oktoba 2024, a yankin Valencia na ƙasar Sifaniya, garin Paiporta bai ga wani ruwan sama na a zo a gani ba. A can sama cikin tuddai aka yi ruwan, inda wasu wurare suka sami na shekara guda cikin awa 8. Ya gangaro ta kwarin Poyo, wanda yawancin shekara a bushe yake, ya shiga gari da almuru ya tarar da mutane a tituna da garejin ƙarƙashin ƙasa suna ƙoƙarin fitar da motoci. Sama da mutum 220 suka rasu a lardin. Shi tsohon birnin Valencia bai sha wannan ba, domin bayan ambaliyar 1957 an karkatar da kogin Turia daga tsakiyarsa. Garuruwan da suka bunƙasa a kudancinsa daga baya su suka kwana a ciki.

Haka zancen madatsun ruwa. A Satumban 2023 madatsu biyu suka ɓalle a saman birnin Derna na Libiya, ruwa ya kwashe unguwanni ya zuba a teku, dubban rayuka suka salwanta. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, shekara 30 cif bayan irin wannan ta faru a 1994. Ku lura da tazarar. Yaron da aka haifa bayan ta farko ya girma, ya yi aure, ya sayi fili, bai taɓa ganin ruwa a wurin da idonsa ba. Idan ya ce ruwa ba ya zuwa nan ba ƙarya ya yi ba, iya saninsa ke nan. Shi ya sa ake da hukuma, don ta riƙe abin da ya fi ƙarfin tunawar mutum ɗaya.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske taswira suke yi, su raba ƙasa shiyya-shiyya gwargwadon haɗari. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne ambaliyar da yiwuwar zuwanta a kowace shekara kashi 1 cikin 100 ne. Injiniyoyi suna ce mata ambaliyar shekara ɗari, jama'a kuma su ji kamar in ta zo bana sai jikoki. A'a. Ku ɗauka jaka ce mai tsakuwa 100, guda ɗaya baƙa. Kowace shekara a sa hannu a zaro ɗaya, a duba, a mayar da ita a girgiza. Baƙar tana iya fitowa bana ta sake fitowa baɗi, jakar ba ta san an taɓa zaro ta ba. Wanda ya zauna shekara 30 a irin wannan wuri, yiwuwar ruwan ya same shi aƙalla sau ɗaya kashi 26 cikin 100 ne, wato ya ɗan haura ɗaya bisa huɗu. Da za a faɗa wa mai saye haka ƙarara, da yawa za su mayar da kuɗinsu aljihu, ko su ce a rage musu.

A Amurka hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ke zana waɗannan taswirori, da haruffa take rarrabewa: A ga inda haɗarin ya kai kashi 1 cikin 100, V ga bakin teku inda igiyar ruwa ke duka, X ga inda ya yi ƙasa da haka. A Ingila lamba ake sa wa, 1 da 2 da 3, ta 3 ita ce mafi haɗari, kuma kowa yana iya shiga intanet ya rubuta lambar unguwarsa ya ga inda ya faɗa, ba sai ya san wani a ofis ba. Tarayyar Turai tun 2007 ta wajabta wa ƙasashenta yin taswirar ambaliya da sake duba ta duk bayan shekara 6.

Wannan sake dubawar ita ce rabin aikin, don taswira tana tsufa, wani lokaci ma da kuskure ake haifarta. A Yulin 2021 ambaliya ta kashe mutum sama da 130 a kwarin kogin Ahr na Jamus. Da aka waiwaya sai aka ga lissafin haɗarin wurin an gina shi ne a kan awon ruwa na shekarun da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu kaɗai. Manyan ambaliyoyin 1804 da 1910, waɗanda suke rubuce a tarihin garuruwan, ba su shiga lissafi ba. A Houston ta jihar Texas, lokacin guguwar Harvey a Agustan 2017, fiye da rabin gidajen da ruwa ya shiga suna wajen layin kashi 1 cikin 100 ne, wato inda taswira ta nuna da sauƙi. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Duk fadamar da aka cike, duk gonar da ta zama rukunin gidaje a sama, ƙarin ruwa ne ga na ƙasa, kuma da sauri zai iso. Ga ɗumamar yanayi: duk ƙarin digiri 1 a ma'aunin Celsius yana sa iska ta riƙe ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin 100, idan ta tashi saki kuwa da yawa take saki. Izinin da kuka bayar bara a kan tudu ya riga ya canja haɗarin wanda kuka ba izini shekara 20 da suka wuce a gangare, shi kuma bai sani ba.

Na san amsar da ake bayarwa a ofisoshi irin naku. Ta farko, wai in aka wallafa taswira darajar filaye za ta faɗi, masu gidaje su yi ca, masu hannu da shuni su yi waya. Gaskiya ne farashi zai motsa. Amma ɓoye taswira ba ya rage ruwa ko da cokali ɗaya, asarar ce kawai yake ɗaukewa daga kan wanda ya sani ya ɗora wa wanda bai sani ba, shi kuma yawanci mutum ne da ya tara guminsa na shekaru ya zuba wuri guda. A yammacin Houston akwai tafkunan tare ruwa biyu, Addicks da Barker, da injiniyoyin sojan Amurka suka gina a shekarun 1940. Yawancin lokaci a bushe suke, har da filayen wasa a ciki. Gwamnati ba ta sayi duk ƙasar da ruwan zai iya kwanciya a kai ba, sai aka yanka ragowar aka gina dubban gidaje. A wasu unguwannin an rubuta gargaɗi, amma da ƙananan haruffa a jikin taswirar yankan filaye da ke ajiye a ofis. Ranar da Harvey ta zo tafkunan suka yi aikin da aka gina su dominsa, suka riƙe ruwa, a cikin falon mutane. Masu gidaje da yawa ranar suka fara jin cewa cikin tafki suke zaune. Sai a 2019 jihar Texas ta faɗaɗa dokar da ke tilasta wa mai sayarwa ya bayyana ko gidan yana cikin shiyyar ambaliya ko ruwa ya taɓa shigarsa, ta ƙara da bayyana ko yana cikin tafki. Ihu bayan hari, amma dai an yi. Faransa tun 2006 take tilasta wa mai sayar da gida da mai ba da haya su haɗa takardar bayanin haɗari da yarjejeniya, kuma ba a daina cinikin gidaje a Faransa ba.

Amsa ta biyu, babu kuɗi. Awon zamani da jirgin sama yana da tsada, ban musa ba. Amma a Darussalam ta Tanzaniya, daga 2015, ɗaliban jami'a da mazauna unguwanni suka bi lungu-lungu a shirin da ake kira Ramani Huria, suna zana magudanu da kwalbatoci da wuraren da ruwa ke kwanciya, suka ɗora a taswirar da kowa zai iya buɗewa. Taswirar da aka haɗa da wayar hannu da bakin dattawan unguwa ba ta kai ta injiniya ba, amma ta fi babu nesa ba kusa ba. Akwai ma abin da ya fi wannan arha. Duk sanda aka yi ambaliya, cikin makon nan kafin a wanke bango, ku tura ma'aikata su auna inda ruwa ya tsaya, su rubuta, su kafa alama ta dindindin a jikin gada da makaranta da turken wuta, da shekarar a jiki. Garuruwa da yawa a bakin kogunan Turai suna da irin waɗannan zane-zane a bangon tsofaffin gine-gine, wasu sun yi ɗaruruwan shekaru. Ba dillalin da zai iya gardama da alamar da ke saman kansa.

In kuma ana ganin hatimi ba ya jawo wa mai buga shi komai, a tuna da La Faute-sur-Mer, wani ƙaramin gari a gaɓar tekun Faransa. A daren 27 wayewar 28 ga Fabrairu 2010 guguwar Xynthia ta turo teku ya haura ganuwar da ke kare garin. A bayan ganuwar akwai kwari da aka ba da izinin cika shi da gidaje, yawancinsu marasa bene. Ruwa ya shiga mutane suna barci, babu saman da za a hau. Mutum 29 suka mutu, akasari tsofaffi, har da yara. A 2014 kotu ta yanke wa magajin garin ɗaurin shekara 4, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi shekara 2 na jeka-ka-gyara-halinka a 2016. Gwamnati ta sayi ɗaruruwan gidaje a wurin ta rushe. Abin lura a nan, ganuwar ce ta sa hankalin kowa ya kwanta. Haka aka gani a birnin New Orleans na Amurka a 2005. Inda duk aka yi shinge sai gini ya biyo bayansa, ranar da ruwa ya fi ƙarfinsa kuma ɓarnar ta ninka wadda za a yi da babu shi. Don haka wurin da ke bayan ganuwa ko ƙasan madatsa kada ku shafa masa launin aminci a taswira. Ku rubuta cewa kare shi aka yi, kariya kuma tana da iyaka.

Yanzu maganar inshora, wadda za ku ce ba hurumin ku ba ce. Hurumin ku ce, zan nuna dalili.

Mai gida yakan biya inshorar gida shekara da shekaru yana ganin ya rufe kowace ƙofa. Ranar da ruwa ya janye, ma'aikacin kamfani ya zo da takardarsa, tambayar farko da zai yi ita ce: ruwan ta sama ya shigo ko ta ƙasa? In iska ce ta yaye rufi ruwan sama ya zubo, ko bututu ne ya fashe, akasari ana biya. In kuwa ta ƙofa ya shigo, ya taso daga titi ko kogi, sai a buɗe masa shafin abubuwan da aka keɓe, a nuna masa kalmar ambaliya a jere da yaƙi da girgizar ƙasa. A Amurka inshorar gida ta yau da kullum ba ta ɗaukar ambaliya sam, sai an saya daban. A Jamus ma ƙari ne da ake saya, kuma lokacin ambaliyar 2021 gidajen da ke da shi a faɗin ƙasar ba su kai rabi ba. Ko wanda ya saya akwai ramuka a gabansa. Inshorar gini daban, ta kayan ɗaki daban, ɗan haya kuma inshorar mai gida ba ta san da katifarsa ba. Akwai kason farko na asara da mai gida zai ɗauka da kansa kafin kamfani ya sa hannu. Akwai lokacin jira: a shirin gwamnatin Amurka sai bayan kwana 30 da saye take fara aiki, don kada mutum ya ga hadari ya haɗu sannan ya ruga. Yarjejeniyoyi da yawa kuma suna da sharaɗin cewa in ka yi wa gida inshora a kan rabin kuɗin da zai sake gina shi, rabin kowace asara za a biya ka, komai ƙanƙantarta. Motar da ke ƙofar gida ma, in inshorarta ta biyan wanda ka buge ce kawai, ruwa ya ci banza.

Ba mugunta ce zalla ta sa kamfanoni ke gudun ambaliya ba. Gobara gida ɗaya take ci a cikin dubu, kuɗin sauran ya biya shi. Ambaliya unguwa take ɗauka sukutum a dare ɗaya, kowa ya zo karɓa lokaci guda. Sannan na kan tudu ba ya saye, na cikin kwari ne kaɗai ke zuwa, asusu kuwa ba ya tsayuwa in duk masu zubi masu kwasa ne. To a garin da babu taswira, kamfani ba shi da hanyar bambance na tudu da na kwari. Abu biyu zai yi: ko ya ƙi kowa, ko ya tsauwala wa kowa. Kun ga inda kuka shigo. Rashin taswirarku shi ke hana ma wanda ke wuri mai sauƙin haɗari samun inshora mai arha. Masu tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, wanda aka fara a Sudan a 1979 ya kuma bunƙasa a Maleshiya, su ma wannan matsalar ce a gabansu, domin asusun taimakon juna ma sai ya san nauyin da ya ɗauka.

Inda abin ya yi aiki, sai da gwamnati ta sa kafaɗa, kowace ƙasa da salonta. Amurka ta kafa shirin inshorar ambaliya na ƙasa a 1968, daga 1973 kuma ta wajabta shi ga mai karɓar bashin gida da ke da alaƙa da gwamnatin tarayya idan gidan yana shiyya mai haɗari. Yana biyan har dala 250,000 a kan gini da dala 100,000 a kan kaya. Sai dai an daɗe ana karɓar kuɗin da bai kai haɗarin ba, ana sake gina gida ɗaya a wuri ɗaya sau uku sau huɗu. A 2017 majalisa ta yafe wa shirin bashin dala biliyan 16, duk da haka ana bin sa sama da biliyan 20. Sai a 2021 aka koma sa wa kowane gida farashi gwargwadon haɗarinsa, kuka kuma ya tashi daga waɗanda suka saba da arha. Faransa ta bi wata hanya tun 1982: duk mai inshorar gida ana ƙara masa wani kaso na bala'o'i, ko a tudu yake ko a kwari, gwamnati ta tsaya a baya, ana biya idan an ayyana bala'i a hukumance. Kason ya daɗe a 12 cikin 100, a farkon 2025 ya koma 20. Sifaniya ma tana da asusu makamancin wannan, shi ya ɗauki nauyin biyan masu inshora bayan ambaliyar Valencia.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Birtaniya, saboda sharaɗi guda. A 2016 suka kafa Flood Re, asusun da kamfanonin inshora ke zuba wa kuɗi don gidajen da ke cikin haɗari su sami inshora da za su iya biya. Amma duk gidan da aka gina daga 1 ga Janairu 2009 ba ya ciki, kuma shirin gaba ɗaya zai ƙare a 2039. Ma'ana, wanda ya tsinci kansa a kwari tun kafin a waye za a tallafa masa, wanda ya je ya gina da saninsa kuwa shi da aljihunsa. A ganina duk ƙasar da za ta shiga wannan harka nan ya kamata ta fara, in ba haka ba tallafin zai zama gayyata. Wannan sharaɗin kuma ba ya yiwuwa sai akwai ranar da za a ce daga yau kowa ya sani, ranar kuwa ita ce ranar da kuka wallafa taswira.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake ku zana jan layi ku turo motar rusau ba. Yawancin mazauna bakin rafi da cikin kwari ba sha'awar ruwa ce ta kai su ba, nan ne kaɗai kuɗinsu ya kai, kusa da inda suke neman abinci. Da yawansu ba su da takardar da kamfanin inshora zai karɓa, balle rarar da za su biya duk shekara. Ambaliyar Pakistan ta 2022 ta shafi mutum miliyan 33, ɗan ƙalilan ne daga asarar ke da inshora. Irin waɗannan mutane abin da zai fisshe su shi ne magudana mai aiki, gargaɗi da ke isowa kafin ruwa, sanin tudun da za a gudu, da wani fili a madadin wanda za a ce su bari. Wanda aka rushe wa gida ba a nuna masa wani wuri ba, wani kwarin zai koma, wataƙila wanda ya fi na farko zurfi. Akwai kuma faɗin ƙasa mai yawa tsakanin "a gina" da "kada a gina". Takardar izini tana iya cewa daɓen ɗaki ya ɗara inda ruwa ya taɓa kaiwa da kaza, a ɗaga mita da soket sama, ginin ƙasa a yi masa gindi da dutse ko siminti don jiƙewar gindi ke kayar da shi, a bar wani yanki na tsakar gida ba siminti, kada katanga ta tare hanyar ruwa ta tura wa maƙwabci. Waɗannan a lokacin aza harsashi kuɗinsu kaɗan ne. Bayan an yi rufi sai dai a yi ta ɗaga dokin ƙofa.

Abin da nake so in gani shafi ɗaya ne tak, manne da kowace takardar fili da kowace yarjejeniyar sayarwa ko haya. Ya faɗi shiyyar da wurin yake, da yiwuwar ambaliya cikin shekara 30 ba cikin shekara ɗaya ba, da shekarar da ruwa ya zo na ƙarshe da inda ya tsaya, da ko akwai madatsa ko ganuwa a sama da shi, da shekarar da aka sabunta taswirar. A ƙasa a rubuta da manyan haruffa cewa inshorar gida ba lallai ta haɗa da ambaliya ba, mai saye ya tambaya a nuna masa a rubuce. Mai sayarwa ya sa hannu, mai saye ya sa hannu, kwafi ya zauna a wurinku. Taswirar kanta a liƙa ta a bangon ofishinku da ofisoshin unguwanni, a sa ta a intanet kyauta, kada ta zama abin da sai an ga wani a bayan ofis.

Tilasta wa masu sayarwa zai buƙaci doka, doka kuma tana ɗaukar lokaci. Amma filayen da ku da kanku kuke yankawa kuna rabawa ba sa jiran majalisa. Ku fara da su a rabo mai zuwa.

Wassalam.

Naku,
Wani mai bibiyar al'amuran filaye da gidaje